Birki Mai Jin Magana: Gwaje-gwajen da Suka Koya wa Manyan Motoci Tsayawa

A baje kolin motoci da aka yi a birnin Faris a 1919, shekara guda bayan an gama Yaƙin Duniya na Ɗaya, kamfanin Hispano-Suiza ya fito da wata mota mai suna H6 wadda ta ɗauke hankalin kowa. Injinta mai silinda shida, mai girman lita 6.6, ya gaji dabaru da yawa daga injinan jiragen sama da injiniyan kamfanin, Marc Birkigt, ɗan ƙasar Suwizalan, ya ƙera a lokacin yaƙi. Amma abin da ya fi tsaya wa sauran maƙera motoci a rai yana can ƙasa, a jikin akwatin giya. Wata 'yar ganga ce da ke juyawa muddin mota na tafiya, wadda da zarar direba ya taka birki sai ta karɓi aikin, ta ja birkin tayoyi huɗu da ƙarfin da ƙafar ɗan Adam ba ta da shi. Ita ce mataimakin birki. Masu ba da tarihin mota sukan taƙaita labarinta a layi biyu, wane ya ƙirƙira, wane kuma ya sayi izini. A ganina wannan taƙaitawa ta tsallake wurin da aka sha wahala. Samo ƙarfin aro abu ne mai sauƙi, tunda motar da ke gudu cike take da ƙarfi. Abin da ya ci shekaru da dubban mil shi ne sa wannan ƙarfi ya bi umarnin ƙafa daidai wa daida, a gudu da a hankali, a gaba da a baya, sannan ranar da ya gaza kada ya tafi da birkin baki ɗaya. A kan hanya aka warware wannan, a hannun mutanen sashen gwaji waɗanda ba kasafai ake ambaton sunansu ba.

Sai an san girman buƙatar kafin a gane dalilin wahalar. Ƙarfin da ke cikin mota mai tafiya ba ya ƙaruwa daidai da gudunta. Idan gudu ya ninka biyu, ƙarfin da birki zai kashe ya ninka huɗu. Mota mai nauyin tan biyu da ke gudun kilomita 100 a awa tana ɗauke da abin da zai tafasa ruwa fiye da lita biyu, kuma duk wannan zafi a cikin 'yan daƙiƙoƙi zai zube a kan gangunan birki. Har zuwa farkon shekarun 1920 yawancin motoci a tayoyin baya kawai suke da birki, wasu kuma ƙafa tana matse wata ganga ce a bayan akwatin giya. Matsalar ita ce, da an taka birki nauyin mota yakan koma gaba, tayoyin baya su yi sakayau a daidai lokacin da ake so su kama ƙasa. Lissafi mai sauƙi ya isa misali. A busasshiyar hanya mai kyau, motar da ke gudun kilomita 50 a awa za ta iya tsayawa cikin kamar mita 14 idan tayoyi huɗu suna aiki, amma idan na baya ne kaɗai za ta iya cin mita 30 ko fiye. Kayan gogayya sun riga sun inganta: Louis Renault ya fito da birkin ganga tun 1902, Herbert Frood kuma, mai kamfanin Ferodo a Ingila, ya shigo da shafin asbestos a 1908 a maimakon fata da auduga masu saurin ƙonewa. Sai dai komai kyawun shafi, taya biyu ba za su yi aikin taya huɗu ba.

Birkin gaba kuwa an daɗe ana jin tsoronsa, kuma tsoron yana da tushe. Tayar baya idan ta cije sai mota ta karkace, tayar gaba idan ta cije sitiyari ya zama banza, motar za ta miƙe duk inda ta nufa. Idan kuma gefe guda ya fi ɗaya kamawa, sai ta fizge sitiyarin daga hannun direba. Isotta Fraschini a Italiya ta gwada birkin taya huɗu tun 1910, kamfanin Argyll a Sikotland ya biyo baya da tsarin wani Bafaranshe mai suna Henri Perrot, wanda ya gano yadda za a ja birkin tayar da ke juyawa hagu da dama ba tare da juyin sitiyari ya ƙara ko ya rage matsin ba. A babbar tseren Faransa ta 1914 a Lyon, motocin Peugeot da Delage suna da birkin gaba, amma Mercedes da ba ta da shi ce ta cinye na ɗaya da na biyu da na uku, abin da ya ba masu shakka hujja ta wasu shekaru. Bayan yaƙi al'amarin ya juya. A tseren awa 24 na Le Mans na farko a 1923, Bentley ɗin John Duff da Frank Clement mai birkin baya kaɗai ta zo ta huɗu. A 1924 suka dawo da birkin gaba, suka ci. To amma ganga huɗu ta haifar da sabon ciwon kai. Ƙafa ɗaya ce za ta raba ƙarfinta gida huɗu, ta ratsa sanduna da igiyoyin ƙarfe da mahaɗai masu cin ƙarfi a hanya. Za a iya tsawaita hannun feda don a sami sauƙin takawa, amma duk sauƙin da aka samu da nisan tafiyar feda ake biyansa, kuma tsakanin tafin ƙafa da daɓen mota 'yan inci ne kawai. Da shafi ya ɗan ci, feda za ta kai ƙasa birki bai kama ba. A ƙaramar mota ana iya lallaɓawa. A motar alfarma mai tan biyu da rabi, dole a nemo ƙarfi daga wani wuri.

Wurare uku aka nufa. Na farko shi ne cikin gangar birkin kanta: idan aka dasa takalmin birki ta yadda juyin ganga zai ƙara tura shi jikinta, sai ya riƙa matse kansa da kansa. Wannan hanya ce mai arha, Perrot ya bi ta, kamfanin Vincent Bendix a Amurka ya sayi izininsa ya yaɗa ta. Aibinta shi ne tana ninka kowane canji. Shafi ya ɗan jiƙe ko ya ɗan yi zafi, ƙarfin ya faɗi warwas. Ya kwana cikin raɓa ya yi kaushi, da safe ya cafke taya kamar an ɗaure ta. Na biyu shi ne iskar da injin ke zuƙa, za mu zo kanta. Na uku shi ne na Birkigt, wato a ɗebo ƙarfin daga tafiyar motar ta hanyar akwatin giya. A tsarinsa, haƙoran giya suna juya 'yar gangar a hankali, ƙasa ƙwarai da gudun sandar da ke kai wa tayoyin baya. Feda tana buɗe wasu ƙananan takalma a cikinta, gangar ta ja su, su kuma su ja sandunan birki. Mahayin da ke tsayar da ingarma ba ƙarfin damtsensa yake gwadawa da na doki ba, linzami yake ja, dokin ya tsayar da kansa. Haka ƙafar direban H6 take, umarni ne nata, ƙarfin na motar ne. Renault ma ta yi irin wannan a manyan motocinta, Chenard-Walcker kuma, wadda ta ci Le Mans a 1923, ta yi amfani da tsarin Hallot. Faransa ce cibiyar wannan fasaha a lokacin.

Inda aka fi ganin yadda gwaji ya sassaƙa na'urar shi ne a Rolls-Royce, kamfanin da ya makara. Motarsa Silver Ghost, wadda ake ƙerawa tun 1907, ta kai har 1923 da birkin baya kaɗai, alhali abokiyar gasarta ta Faransa ta shekara huɗu tana tsayawa da taya huɗu. Sai a ƙarshen 1923 aka yi shelar sabon birki, ya isa hannun masu saye a 1924, bisa izinin da aka karɓa daga Hispano-Suiza. Tsarin aikin kamfanin a wancan zamani abin mamaki ne. Henry Royce, tun bayan rashin lafiyar da ta kama shi kafin yaƙi, ba ya zama kusa da masana'antar da ke Derby. Yana West Wittering a gaɓar tekun kudancin Ingila, da hunturu kuma ya koma Le Canadel a kudancin Faransa, tare da 'yan masu zane kaɗan. Shi ke zana abu, a aika Derby, sashen gwaji ƙarƙashin Ernest Hives ya ƙera shi, ya ɗora a mota, ya azabtar da shi har ya nuna aibinsa, sannan a rubuto rahoto. Takardu ke kai da kawowa, kowa da harafin da yake sa hannu da shi, Royce R, Hives Hs, W. A. Robotham kuma Rm. Wannan nisa ya tilasta musu wata ɗabi'a mai amfani: duk abin da direban gwaji ya ji a ƙafarsa sai ya mayar da shi rubutu da mai zane zai iya aiki da shi. Dokar Ingila ta 1903 ta kayyade gudu a mil 20 a awa, kuma ba a soke ta ba sai da dokar 1930, don haka gwaji na gaskiya a Faransa ake yinsa. Garin Châteauroux ya zama sansaninsu, inda ake kora mota mil 10,000, kusan kilomita 16,000, a kan miƙaƙƙun hanyoyi masu gargada, direbobi suna karɓa-karɓa, ana kwance kaya ana dubawa.

Me suke nema a wannan doguwar tafiya? Duk aibin mataimaki irin na akwatin giya daga tushe ɗaya yake fitowa, wato ƙarfinsa ya dogara da juyawar abin da ke ƙarƙashinsa. Idan mota ta koma da baya, juyin ya sauya fuska, na'urar da aka gina don ta ja gefe guda za ta saki birki a lokacin da mota ke zamewa baya a kan tudu. Maganin da ya zauna a Rolls-Royce shi ne sanduna biyu, ɗaya ta ja idan ana gaba, ɗaya idan ana baya, ta yadda ko ta ina faifan gogayyar da ya maye gurbin gangar Birkigt ya juya birki ne zai kama. Idan mota tana rarrafe, kamar lokacin shiga gareji, faifan yana juyawa a hankali ƙwarai, sai motar ta ɗan ƙara matsawa kafin ya kwashe sakin da ke cikin sanduna. Wannan jinkiri ba ya fita gaba ɗaya, sai dai a rage shi. A ƙara wa faifan gudu jinkiri ya ragu, amma ya ƙara zafi da cin shafi, ya kuma riƙa fizga. A rage masa gudu ya yi laushi, jinkirin ya ƙaru. Babu lissafin da zai faɗi inda ya kamata a tsaya tsakanin biyun, tunda ma'aunin shi ne abin da direba zai yarda da shi. Idan mota tana tsaye cik kuwa, faifan ba ya juyawa sam. Saboda haka aka bar wa feda hanya ta kai tsaye zuwa birkin baya, ba ta jiran kowa. Ni a wurina wannan ce shawara mafi daraja a cikin tsarin duka. Ta tabbatar da cewa ko mataimakin ya mutu akwai birki, ta kuma bar wa ƙafa wani abu na gaskiya da za ta ji tana turawa, wanda da shi direba ke auna yawan matsin da ya bayar. Akwai kuma wata riba ta gefe: idan tayoyin baya suka cije, sandar da ke juya faifan ta tsaya, na'urar ba za ta iya ƙara matsi ba. Wasu masu sha'awar tsofaffin motoci sukan zuzuta wannan har su kira shi kakan birkin zamani mai hana cijewar taya. Sun yi ƙari, domin ba ya sakin taya ya sake kamawa, amma iyaka ce mai amfani.

Sannan ga abin da bai shafi na'urar kai tsaye ba, amma ita ta tono shi. Gaban motar wancan zamani sandar ƙarfe ce guda ɗaya ɗauke da tayoyi biyu, a kan sifirin mai ganye-ganye da aka yi don ɗaukar nauyi kawai. Da aka rataya wa kowane gefe ganga mai nauyi, aka kuma matse ta da ƙarfin aro, sai sandar ta riƙa murɗa sifirin, kusurwar tayoyi ta sauya, mota ta ja gefe. A kan gargada kuma gefe ɗaya ya yi sama ɗaya ya yi ƙasa, sitiyari ya kama rawa a hannu. Tayoyi masu faɗi da ƙarancin iska da suka shigo kasuwa wajen 1923 sun ƙara dagula lamarin. Dole aka ƙarfafa sandar, aka taurara sifirin gaba, aka ƙara abin shanye girgiza, kuma kowane ɗayan waɗannan ya rage wa mota laushin tafiya, wanda shi ne abin da mai sayen motar alfarma ya biya kuɗi dominsa. Wannan tufka da warwara ta bi masana'antar kusan shekara goma. Maurice Olley, wanda ya yi aiki da Rolls-Royce kafin ya koma Cadillac a 1930, yana cikin waɗanda suka warware ta da tsarin da kowace tayar gaba ke motsi ita kaɗai. General Motors ta fito da shi a motocin 1934, Rolls-Royce ta ɗauka a Phantom III. Wanda ya tsaya a teburin zane yana duban mataimakin birki shi kaɗai ba zai taɓa hango cewa gyaran birki zai kai ga sake gina gaban mota ba.

Za a iya cewa duk wannan ado ne ake yi wa jinkiri. Shekara huɗu ko biyar kamfani yana sayar da mota mai tan biyu da birkin baya kaɗai, alhali maganin yana nan a Faris, kuma daga ƙarshe maganin na Faris ɗin ya saya. Wannan suka tana da nauyi, kuma ban ga dalilin wanke kamfanin daga girman kai ba, domin sai da kasuwa ta matsa masa. Buick, motar masu matsakaicin hali, ta sa birkin taya huɗu a dukan motocinta na 1924, wanda ke nufin mai Silver Ghost ya kusa zama abin dariya a mahaɗar hanya. Amma sukar tana ɗauka cewa sayen izini daidai yake da samun birki, kuma a nan ta kauce. Abin da aka saya tunani ne. Nauyin mota, tsayin sanduna, taurin sifiri, rabon ƙarfi tsakanin gaba da baya, duk sun bambanta daga mota zuwa mota, har na'urar da ta fito daga Derby ta zama faifan gogayya a maimakon gangar Birkigt. Ga kuma yanayin jama'a. A Amurka, da kamfanin Rickenbacker ya fito da birkin taya huɗu a 1923, abokan gasa, musamman Studebaker, sun yi ta talla cewa haɗari ne. A Ingila har alwatika ja ake maƙalawa a bayan mota don gargaɗin na baya cewa wannan tana iya tsayawa farat ɗaya. A irin wannan yanayi, birki mai ƙarfi da ke fizga ko yake saki a kan tudu zai tabbatar wa masu tsoro tsoronsu, ya ja fasahar baya ga kowa.

Hanyar iska ce ta ci kasuwa daga baya, kuma labarinta ya ƙara tabbatar da abin da nake faɗa. Injin fetur idan aka ɗaga ƙafa daga totur yana ci gaba da zuƙa alhali an toshe masa maƙogwaro, sai iska ta yi ƙaranci a bututun shiga. Iskar duniya tana danna kowane santimita murabba'i da nauyin kusan kilo ɗaya. Idan aka zuƙe kashi shida cikin goma daga gefe ɗaya na fistin mai faɗin santimita 15, iskar waje za ta tura shi da ƙarfin da ya haura kilo 100, kyauta, kuma a daidai lokacin da ake bukata, tunda mai taka birki ya riga ya saki totur. Albert Dewandre, injiniya daga Liège a Beljiyam, shi ya mayar da wannan na'ura mai aiki a shekarun 1920. Bosch ta karɓi izininsa a Jamus, kamfanin Clayton Dewandre ya kafu a Lincoln ta Ingila a 1928, manyan motocin Bentley da Minerva suka ɗauka. A Amurka kuwa Caleb Bragg, tsohon direban tsere, da Victor Kliesrath suka yi nasu, Pierce-Arrow ta sa a 1928, Bendix ya saye kamfaninsu. Fistin da bututu ba su da wuyar ƙerawa. Wuyar tana cikin bawul ɗin da feda ke buɗewa. Idan buɗewa da rufewa kawai yake yi, birkin zai zama ko duka ko babu, a taɓa kaɗan fasinja ya bugi gilashi. Sai da aka tsara shi ta yadda motsin fistin zai riƙa rufe bawul ɗin da kansa har sai ƙafa ta ƙara turawa, wani kaso na ƙarfin kuma ya dawo ya tokare feda. Wato an koma kan matsalar da mutanen Derby suka sha fama da ita, ta wata ƙofa. Duesenberg a motarta Model J ta miƙa wa direba wani ɓangare na hukuncin, ta sa masa maɓalli a gabansa da zai zaɓi ƙarfin taimako gwargwadon hanya, busasshiya ce, ko ruwa, ko dusar ƙanƙara, ko ƙanƙara mai santsi. Dabara ce mai kyau, amma tana nuna cewa har lokacin ba a sami saiti guda da zai dace da kowane hali ba. Raunin wannan hanya kuma kowane direba a yau ya san shi: injin ya mutu a gangara, a taka sau biyu ko uku, feda ta zama dutse. A nan ma kariyar ita ce wadda aka riga aka koya, a bar wa ƙafa hanyarta ta kai tsaye.

Daga nan suka ta biyu ke tasowa, cewa tunda iska ce ta yi nasara, wahalar da aka sha kan faifan akwatin giya ta tafi a banza. Gaskiya ne yau babu motar da ake ƙerawa da shi. Yana da tsada, yana son bakanike mai haƙuri da ya san saitinsa, kuma bai dace da masana'antar da ke fitar da dubban motoci a mako ba. Amma abin da ya kashe shi kuɗi ne da sauƙin haɗawa, aikinsa bai gaza ba. Yana da fifikon da iska ba ta da shi, domin ko injin ya mutu, muddin taya na juyawa akwai taimako. Rolls-Royce ta riƙe shi shekara arba'in, ta bi da shi daga Silver Ghost zuwa 20 hp da New Phantom a 1925, har zuwa Silver Cloud III. Suka ta uku ta fi wannan ƙarfi, ita ce cewa birkin mai ne ya warware matsalar tun daga tushe. Malcolm Loughead, wanda sunansa ya koma Lockheed, ya yi rajistar tsarinsa kafin 1920, Duesenberg ta ci babbar tseren Faransa ta 1921 da birkin mai a hannun Jimmy Murphy, Chrysler ta yaɗa shi a kasuwa a 1924. Man birki yana raba matsi daidai ga kowace taya, ya kuma kawar da asarar da ake yi a mahaɗan sanduna, don haka motoci masu matsakaicin nauyi sun yi shekaru talatin ba su bukaci mataimaki ba. Sai dai mai isar da ƙarfi yake yi, ba ya haifar da shi. Cinikin nan na sauƙin takawa da nisan feda yana nan daram. Shi ya sa biyun suka haɗu a maimakon ɗaya ya kori ɗaya: a Bentley Mark VI ta 1946 faifan akwatin giya ne ke tura man birkin gaba. Da birkin faifai ya yaɗu a shekarun 1960, wanda ba ya matse kansa kamar takalmin ganga, sai mataimaki ya zama dole har a ƙananan motoci.

Saura a duba zargin cewa gwajin hanya na wancan zamani ba kimiyya ba ce, ra'ayin direba ne kawai. Akwai gaskiya a ciki, kuma su kansu sun gane haka. Hanyar jama'a ba ta maimaita kanta: yau busasshiya, gobe an yi yayyafi, jibi an zuba tsakuwa, sai a rasa ko gyaran da aka yi ne ya canza sakamako ko hanyar ce. Wani gwajin birkin taya huɗu da General Motors ta yi a kan hanyar jama'a a 1923 yana cikin abubuwan da suka sa shugabanta Alfred Sloan ya amince a gina filin gwaji na kamfani a Milford, jihar Michigan, wanda aka buɗe a 1924. A Ingila ma'aunin Tapley, wani ɗan akwati mai lilo a ciki da ke nuna tsananin tsayawa, ya zama kayan aikin masu gwaji da 'yan jaridar mota. Waɗannan sun kawo lamba inda da baki ne kawai. Amma lambar tsayawa guda ɗaya da sanyin ganga ita ce mafi sauƙin samu kuma mafi yaudara, musamman a motar da ke da mataimaki. A doguwar gangara irin ta tsaunukan Alps, ganga takan yi zafi ta buɗe, shafi ya rasa kaushinsa. A mota marar mataimaki ƙafa ce ke fara sanar da direba, domin sai ya ƙara ƙarfi sosai, ya gane lokacin sauka giya ya yi. Mataimaki yana rufe wannan gargaɗi, ɗan ƙarin taki kaɗan ya cike giɓin, har sai abin ya ƙure. Gangunan aluminiyam masu zubar da zafi da Birkigt ya sa wa H6 tun 1919 suna nuna ya hango matsalar. Amma nawa ne faɗin ganga da zai wadatar, wane shafi ne zai jure tsayawa ta ashirin kamar ta farko, wane kaso na nauyin feda ya kamata a bari don ƙafa ta ci gaba da jin labari, waɗannan sai an hau tsauni an sauko, an kwance an duba, an rubuta wa mai zane, an sake hawa. Ma'auni ya gyara gwajin hanya, bai maye gurbinsa ba, kuma filin Milford kansa hanyoyi ne da tuddai da aka gina don a riƙa maimaita irin abin da ake yi a Châteauroux cikin yanayin da ba ya canzawa.

Rolls-Royce ta fara sallamar faifan akwatin giya ne da fitowar Silver Shadow a 1965, motar da ta zo da birkin faifai da famfon mai mai matsi sosai wanda injin ke juyawa, a kan izinin da aka sake karɓowa daga Faransa, wannan karon daga Citroën. Irin wannan birki ba shi da wani nauyi na kansa a ƙarƙashin ƙafa, bawul kawai feda ke buɗewa. Don haka a samfuran farko na motar injiniyoyi suka ƙara wani layin mai na daban da ƙafa ke turawa kai tsaye zuwa tayoyin baya, domin direba ya sami abin da zai ji, ya kuma sami abin da zai tsaya da shi idan famfon ya gaza.